Kwalbar Dahomi da Ƙodar Surukina

Ba zan taɓa mantawa da ƙarar nan ba: ɓulum, ɓulum, ɓulum. Ƙarar ruwa ce a cikin babbar kwalba da aka ɗaure a gefen jaki, tana tahowa a hanyar tunga da hantsi. Ina tsaye a barandar ɗakin shan magani na Illo cikin farar rigata, na ji ta tun kafin in hango jakin, har na ce a raina ashe aikin asibiti ma yana da nasa kiɗan. (Allah ya shirye ni. A wancan lokacin komai kiɗa ne a kunnena, har tarin masu jiran magani.)

Ƙarshen damina ce, shekarar da aka ba mu mulkin kai. Maƙwabtanmu na Dahomi sun riga mu samun nasu da 'yan makonni, fatake suna ƙetaro iyaka da labarin shagalin da aka sha, mu kuma muna ta shiri. Kullum da safe sai ka ji 'yan makaranta suna maci a fili, suna koyon ɗaga 'yan tutoci kore da fari. Ni kuwa shekarata goma sha tara, na gama aji biyu a makarantar koyon jinya, an turo ni gida in yi 'yan watanni ina gwada hannu a ƙarƙashin Malam Ango, tsohon mai ba da magani na garinmu.

Gara in faɗi halina tun yanzu. Ni mutum ce mai tafiya da rabin hankali, ɗaya rabin yana can yana yawo. Littafin darasina kashi biyu ne: ta gaba abin da malamai suka faɗa, ta baya waƙoƙin da nake rubutawa a kan abin da suka faɗa. Na yi wa zuciya waƙa, na yi wa huhu, amma babu abin da ya tafi da ni kamar ƙoda. Ita kaɗai ta ci shafi huɗu.

Ku ma ku duba mana. Wasu 'yan abubuwa biyu masu siffar ƙwayar wake, suna zaune shiru a bayan ciki, ba sa bugawa kamar zuciya balle a san da su. Jini yana ratsa su dare da rana ta cikin wasu ƙananan ƙulle-ƙullen jijiyoyi da ido ba ya gani, kowane ƙulli rariya ce. Ƙwayoyin jini sun yi girma, ba sa wucewa, amma ruwa da gishiri da sukari da datti duk zuba suke yi. Ruwan da ake tacewa haka a yini da kwana ya kai garwa goma. Daga nan sai ƙodar ta bi abin da ta zubar ta wasu siraran bututu tana tsince kayanta, ta mayar da kusan dukan ruwan da sukarin da gishirin da jiki ke so, ta bar dattin cikin ɗan ruwan da bai wuce cikin kwano biyu na shan ruwa ba. Ranar da aka koya mana wannan ban ci abincin rana ba. Na zauna ina tuna masunta idan sun juye taru a cikin jirgi, su zauna suna zaɓen abin da za su kai gida.

To, akwai wani dattijo a wata tunga ta masunta a bakin kogin Kwara, tafiyar hantsi guda daga Illo. Baba nake ce masa, kuma ba zan ce masa wani abu daban ba, domin babban ɗansa ya riga ya kawo gaisuwa gidanmu, an tsayar da magana sai bayan na gama makaranta. Wato surukina ne. Ɗan nasa kuwa har yau ban taɓa kiran sunansa ba, ba kuma a takarda zan fara ba, don haka mu ce masa Mutumin. Su masu jirgi ne kaka da kakanni, suna kamun kifi, suna kuma ƙetarar da fatake a jirgi.

Baba ya yi watanni ƙafafunsa suna kumbura, fuskarsa tana tashi da safe, abinci ba ya yi masa daɗi. Akwai wani likita da ke zagayowa daga babban asibiti sau ɗaya a wata, ɗan kudu ne, amma ya daɗe a ƙasar nan har ya fi wasunmu karin magana. Yana bin mutanen bakin ruwa saboda tsargiya, cutar nan da ke sa fitsarin jini, wadda idan ta daɗe takan lalata ƙoda. A zuwansa na baya ya danna ƙafar Baba da yatsa, wurin ya lotsa bai taso ba. Sai ga takardarsa ta iso ana saura mako ya dawo. Ya ce a tara masa fitsarin Baba na yini da kwana cur kafin ya iso, zai auna aikin ƙodarsa. Ya ce wurin mutum ɗaya ya rage a motarsa, in awon ya nuna ƙodar ta gaza, da Baba zai koma. Kuma wannan ne zuwansa na ƙarshe kafin ruwan Kwara ya cinye hanya, sai kuma bayan wata uku ko fiye.

Malam Ango ya karanta, ya cire tabarau, ya miƙo mini takardar.

"Ke kinka yi boko mai zurfi," in ji shi. "Kuma gidanku na. Tai ki yi musu bayani."

Ya ɗauko mini kwalbar da aka saba amfani da ita, wata mai ruwan ƙasa, gajera, mai kaurin wuya. Na dube ta na ji raina bai kwanta ba. Wannan mummunar aba zan kai gidan surukaina? A ɗakina kuwa akwai wata kwalba da wani kawuna ya kawo mini tsaraba daga Dahomi, irin wadda Faransawa ke zubo abin shansu a ciki. Koriya ce shar, mai ƙaton ciki kamar tulu, an saƙa mata riga da kaba har wuya. In rana ta ratsa ta, sai bangon ɗaki ya koma kamar ƙarƙashin ruwa. Na ajiye ta ne don jeren ɗakina in an yi biki. Ta ninka ta Malam Ango sau biyar ko shida. Na wanke ta, na shanya ta, na ɗora a kai na kama hanyar tunga, ina jin kaina kamar mai kai lefe.

(A nan ne mai hankali zai tsaya ya tambayi kansa: tsoho mara lafiya, da me zai cika tulu? Ni ina can ina kallon yadda koren haske ke rawa a kan hannuna.)

Na tarar da Baba a ƙarƙashin rumfa, ya miƙe kumburarrun ƙafafunsa yana gyaran komarsa ta kamun kifi. Na durƙusa daga nesa na gaishe shi kaina a ƙasa, na wuce cikin gida wurin matarsa, Inna, da sauri kamar ana kora ta. Ai ko giyar wake na sha ba zan tsaya gaban surukina in yi masa zancen abin da na zo da shi ba.

Inna tana sheƙar gyararriyar shinkafa. Mace ce 'yar Dendi, doguwa, mai dariya da dukan jiki.

"Maraba da likitanmu! Mi kinka kawo muna cikin wanga abu mai kyau? Turare na?"

Na zauna a gefen tabarma na fara bayani. Jama'a, na yi bayani. Na faɗa mata rariya, na faɗa mata garwa goma, na kawo misalin taru da jirgi. Na ce naman jikin mutum kamar murhu ne da ba ya mutuwa, kullum yana barin wata 'yar toka a cikin jini, daidai gwargwado, jiya kamar yau, kuma ƙoda ce mai kwashe tokar. Na ce likita yana so ya ga tokar da ta fita a yini da kwana, ya gwada da wadda ta rage a jini, daga nan zai san ko mai sharar tana shara ko ta gaji. Har baiti biyu na waƙata na sako a ciki ba tare da na ce tawa ce ba. Inna ta ajiye faifai tana kallona, kaji suna cinye mata shinkafa.

Da na tsaya numfashi sai ta ce, "Ɗiyata, wai fitsari kike nufi?"

Na sunkuyar da kai na gyaɗa.

"To ki ce fitsari mana! Tun ɗazu ina zaton shara za ki yi muna."

Kunya ta rufe ni. Na tattara sauran bayanin na zubar a guje: na farkon safiyar gobe a zubar, daga nan duk wanda ya zo a tara a nan har safiyar jibi. Na miƙe. Ina bakin ƙofa sai na tuna wata malamarmu da kullum take gargaɗi a kan tsabtar kwalabe, na juyo na ɗaga yatsa kamar yadda take yi.

"Inna, don Allah kada ruwa ya shiga cikinta. Ko ɗigo ɗaya."

"Ko ɗigo?"

"Ko ɗigo. Likita zai gane."

Wannan ce kaɗai magana mai kai da gindi da na yi a gidan. Ku riƙe ta, za ta dawo.

A hanyar komawa na haɗu da Mutumin yana tahowa daga bakin ruwa da filafilin tuƙa jirgi a kafaɗa. Ya ce, "Malama, an zo duba mu?" Na ce an zo duba Baba dai. Ya ce, "Mu marasa gata sai yaushe?" Na ja mayafi na wuce ina murmushi. Da na san irin amsar da Allah ya tanadar wa wannan tambaya, da a nan na karkata na bi fatake zuwa Dahomi.

Ranar da likita ya iso, barandar ta cika maƙil, don kowa ya san zuwan ƙarshe ne. Mata da goyo, tsofaffi a kan buzu, Fulani daga rugagen wajen Kende, har da wasu 'yan kwastan biyu da suka zo neman maganin zazzaɓi. A cikin wannan taro ne na ji ɓulum, ɓulum. Baba yana kan jaki ɗaya, kwalbata tana kan ɗaya, Inna tana biye, Mutumin da ƙannensa biyu, ƙarti majiya ƙarfi, suna jan akala. Sai da biyu suka kama kafin a sauke ta. Ta cika har kusa da kafaɗa. Rana ta bugi koren gilashin, abin da ke ciki ya yi wani launi kamar zinariya a cikin ganye. Na ce a raina, ka ga ƙoda mai albarka.

Likita ya dubi kwalbar, ya dubi Baba, ya ɗaga gira ɗaya. Ya ɗebi jinin Baba a hannu, ya buɗe akwatin awonsa a kan tebur, ya ce, "Nas, an ce ke ce ta ɗaya a ajinku. Zo ki yi, ina kallo." Ya koma duba marasa lafiya a ɗaya gefen.

Wannan aiki kuwa na iya shi, ba yabon kai ba. Na auna yawan fitsarin da gwangwanin awo mai zane, na rubuta. Na zuba jinin a ɗan bututu na sa a injin juyawa na hannu, na yi ta murzawa har jan ya kwanta, ruwan jinin ya taso sama garai-garai. Tokar nan da na ba Inna labari, sunanta a littafi kiriyatinin, kuma akwai wani ruwan magani rawaya da in ya haɗu da ita sai ya rikiɗe ya koma ruwan goro. Gwargwadon yawanta, gwargwadon duhun launin. Sai a ɗaga bututun a haske, a gwada shi da wasu 'yan gilasai masu launi da ke jere a faifai, kowanne da lambarsa. Na yi wa fitsarin, na yi wa jinin. Na jinin ya yi duhu ƙwarai, ya fi duk wanda na taɓa gani a makaranta. Ya kamata wannan ya tsayar da ni. Amma launin ya yi kama da Kwara dab da magariba, lokacin da jirage ke dawowa, sai na tsaya ina kallonsa ina neman kalmar da za ta dace da shi.

Lissafin ba wuya. Ƙarfin tokar a fitsari, a ninka da yawan fitsarin da ke fita a minti ɗaya, a raba da ƙarfinta a jini. Abin da ya fito shi ne yawan jinin da ƙoda ke wankewa tas a kowane minti. Na lafiyayyen mutum yakan kama wajen mililita ɗari ko sama da haka kaɗan. Na raba, na sake rabawa. Ɗari da biyar.

Zuciyata ta yi tsalle. Baba lafiya lau! Ba zai shiga mota ba, ba za a raba shi da jirginsa ba, kuma ni, ni ce zan kai wa gidan surukaina wannan albishir da bakina. Abin da ya kamata in yi shi ne in kai wa likita takardar in yi shiru. Sai na fito tsakiyar baranda da ita a hannu. Ni da ban iya haɗa ido da Baba ba, ranar nan na tsaya gaban jama'a na ɗaga murya.

Na ce Baba ya kwantar da hankalinsa. Na ce ƙodarsa tana aiki kamar ta saurayi ɗan shekara ashirin da biyar. Da na ga ana saurare, sai abin nawa ya motsa. Na ce ban taɓa ganin ƙoda mai ƙwazo irin wannan ba, mai haƙuri, mai aiki ba dare ba rana ba ta neman yabo. Na ce duk macen da ke gidan mai irin wannan ƙoda ta gode wa Allah. (E, haka na ce. Akwai shaidu, wasunsu suna raye.)

Baba ya washe baki. "Kun ji ko? Na gaya muku iska ta. Ku kawo man jakina, ruwa na tahowa, kifi ba ya jiran mutum."

Har ya dafa kafaɗar ɗansa zai miƙe, sai likita ya ce, "Baba, ɗan dakata kaɗan." Ya karɓi takardata ya bi ta da yatsa.

"Lissafinki daidai ne, Nas. Babu kuskure ko ɗaya. Amma zo ki gaya mini, jinin nan me ya ce?"

Na ce tokar ta yi yawa a ciki. Ta kai ninki huɗu na ta lafiyayyen mutum.

"In mai shara tana shara, me ya tara toka a ɗaki?"

Na sake duban takardar da ke hannunsa.

"Kuma tokar nan daga ina take fitowa?"

"Daga naman jiki," na ce, muryata ta fara komawa ciki.

Ya kama damtsen Baba a hankali ya ɗaga. Fata ce da ƙashi, kamar filafili. "Wannan murhun ba zai ba da tokar da ke cikin kwalbar nan ba ko da zai kwana bakwai yana ci. Tokar gida guda ce a nan." Ya juya wurin Inna, ya rage murya. "Inna, tsakaninki da Allah, mutum nawa ne a cikin kwalbar nan?"

Baranda ta yi tsit, har 'yan macin fili aka ji suna ƙirga ƙafa. Inna ta gyara ɗaurin zanenta, ko alamar kunya babu.

"Huɗu na, likita. Shi da ɗiyanai uku."

Wani daga cikin 'yan kwastan ya shaƙe da dariya.

"To mi za mu yi?" in ji Inna, ta buɗe hannuwa tana duban jama'a. "Yarinya ta ɗauko kwalbar jerenta, ta kawo muna da kanta. Munka kwana munka yini, abin da malam ya yi bai rufe ko gindinta ba. Ku hwaɗa man, wa ka maida kwanon suruka wofi? Ko tuwo anka kawo maka, ai ka sa wani abu ciki ka maida. In aiko ta haka ta ratsa kasuwar Illo, a ce gidanmu ba a san girman mutane ba? Na so in cika da ruwan randa, sai na tuna ta ce ko ɗigo. To ba mu sa ruwa ba. Jini guda na, ɗiyanai na, mi a bambanci?"

Daga nan kam ba a iya riƙe kowa ba. Mata suka faɗa kan juna. Wata tsohuwa 'yar Zagga da ta zo da ciwon gwiwa ta manta da gwiwar, ta miƙe tana tafi.

"Ashe miji ta auna! Ɗan shekara ashirin da biyar, in ji ta! Yarinya, kin duba haja kafin ki saya, Allah shi yi miki albarka!"

"Mai haƙuri, ba dare ba rana!" wani ya ƙara daga baya.

Malam Ango ya shige ɗakin magani ya rufe ƙofa, amma ana jin sa ta taga. Na saci kallon Mutumin. Ya kafa ido a kan kunnen jaki kamar an ba shi aikin ƙirga gashinsa. Ƙaraminsu kuwa, mara kunya, cewa ya yi, "Yaya ya fi kowa zubawa, shi ya ce kada a ba Malama kunya."

Ina tsaye da farar rigata. Na roƙi ƙasa ta tsage, ƙasar Illo kuwa ta sha ruwan damina ta yi laushi, amma ta ƙi.

Likita ne kaɗai bai yi dariya sosai ba. Ya bari ta lafa, sannan ya tambayi Inna iya inda na Baba ya tsaya kafin a taimaka masa. Ta nuna da yatsa a jikin kwalbar, can ƙasa. Ya gyaɗa kai. Ya durƙusa gaban Baba ya ce masa awon ya ɓaci, kuma ba shi da kwana biyun da zai jira a sake, amma jinin kaɗai da ƙafafun nan sun isa shaida. In aka cire taimakon 'ya'ya, abin da ƙodarsa ke yi bai fi rubu'in na lafiyayye ba. In ya zauna har ruwa ya janye, ba lalle a same shi ba.

Baba ya ɓata rai. "Ɗiyar ga ta ce lafiyata lau. Ita ma ta yi karatu."

Likita ya dube ni. Duk baranda ta dube ni. Na gane cewa maganata ce ta tsaya tsakanin tsohon nan da mota, kuma babu mai janye ta sai ni. Na je na durƙusa a gabansa, kusa fiye da yadda na taɓa yi, na ɗaga kai na dube shi.

"Baba, kuskure na yi. Fitsarinka ya yi kaɗan, jininka ya yi datti, ƙodarka ta gaji. Don Allah ka shiga motar nan."

Kalma ashirin da ɗaya, babu rariya, babu taru. Har da kalmar da na yi tafiyar hantsi guda ina gudu. Baba ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Yau kin yi magana irin ta mutane." Ya juya ga 'ya'yansa. "Ku ɗauke ni. Kuma kowa ya riƙe nashi daga yau."

An same shi da tsargiyar da ta daɗe har ta ƙuntata hanyoyin da fitsari ke bi daga ƙoda. Ya yi wata biyu a asibiti, a can ya ji bikin mulkin kai ta rediyon wani maƙwabcin gadonsa. Ya dawo ta jirgin ruwa ƙafafu sun saɓe, aka hana shi gishiri da busasshen kifi, ya yi shekara shida yana ƙorafin wannan hani, ya ga jikoki uku. Ranar da aka kai ni gidan Mutumin, Inna ta aiko da koriyar kwalbar an wanke ta da toka da lemun tsami, cike da zuma har wuya, tunda ba a mayar da kwano wofi. Ta yi shekaru a jerena. Babu wanda ya taɓa lasar zumar nan, har baƙin da ba su san labarin ba sai in ga Mutumin yana girgiza musu kai.

Tun daga ranar, in zan ba da kwalba nakan ba da mummunar, in kuma ce: naka kai kaɗai, ko kaɗan ne, kada kowa ya taimaka. Waƙa kuwa ina yi har gobe, amma sai bayan an tashi daga aiki.

Na ɗauka na gama biyan kunyar wannan rana. Sai bayan shekara goma sha biyar, ina koyar da ɗalibai wannan awo, na ba su labarin don su yi dariya su kuma kiyaye. Wata ɗaliba mai shiru-shiru ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, da ruwan randar suka zuba fa?" Na buɗe baki zan ce ai da ya ɓata komai, sai na ce bari in nuna musu a allo. Na rubuta: in ruwa ya ninka yawan fitsarin sau huɗu, ƙarfin tokar zai ragu sau huɗu. A ninka wannan da wancan. Na tsaya da alli a hannu. Amsar ba ta motsa ba. Ruwa ba ya kawo toka, ba ya kuma ɗauke ta. Da Inna ta bi son ranta ta cika kwalbar daga randa, da lissafina ya fito daidai, da lambar ta nuna ƙodar Baba ta gaza tun a karon farko, da babu wanda ya ji ra'ayina game da ƙodar Mutumin. A duk dogon bayanin da na yi a gidan nan, doka ɗaya tak na kafa, ita ce kuma ta hana su yin abu ɗaya tilo da ba zai cuci kowa ba.